Yadda ake gane farin dattin da ke taruwa a murfin baƙin mai lokacin sanyi, da yadda ake maganinsa

Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai da sanyin safiya, sai ka ga wani abu fari-fari mai ratsin rawaya ya manne a cikinsa, da danƙo kamar man shafawa. Gaban mai mota yakan faɗi, domin abin da ya sha ji shi ne ruwa ya haɗu da mai, gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa mai hana ruwa da mai haɗuwa, ta ƙone. Wani lokaci haka ne. Amma a lokacin sanyi, sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, kuma abin yana ba ni takaici in ga an kwance kan inji saboda abin da tsumma da tafiya ɗaya za su magance.

Ga inda ruwan yake fitowa. Duk lita ɗaya ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa, a matsayin tururi. Yawancinsa yana fita ta salansa, shi ya sa kake ganin ruwa na ɗiga daga bakinta da safe. Kaɗan kuma yana sulalewa ta gefen zoben fistin ya faɗa ɗakin mai. Idan ƙarfe yana da sanyi, tururin sai ya koma ruwa, injin ya yi ta kaɗa shi da mai har su zama wannan kirim ɗin. Murfin yana can sama inda ya fi saurin hucewa, don haka a nan yake fara bayyana. Sai mai ya kai zafin digiri 90 zuwa 100 kafin ruwan ya ƙafe, kuma mai yana jinkirin ɗumama fiye da ruwan lagireto. Wanda tafiyarsa ba ta wuce minti 10 bai taɓa kai shi nan ba.

Da farko ka ajiye motar a wuri mai daidai, ka bari ta huce sarai. Zaro gejin mai, goge shi da farin tsumma, mayar, sake zarowa. Wannan shi ne babban shaida. In man ya fito baƙi ko ruwan zuma, garau, kuma yana tsakanin alamomin biyu, hankalinka ya fara kwanciya. In kuwa ya fito gauraye, fari-fari har ƙasa, ko ya haura alamar sama alhali ba ka ƙara ba, to ruwan ya yi yawa.

Sai ka koma kan ruwan lagireto. Kada ka kuskura ka buɗe murfinsa da zafi, zai watso maka a fuska. Ka sa alama a jikin robar ajiyar ruwan daidai inda ya tsaya, ka riƙa dubawa kullum da safe har mako guda. Ka leƙa ciki ko akwai maiƙo yana yawo a sama. Ka kuma lura da hayaƙi: na sanyi siriri ne, yana ɓacewa da zarar inji ya ɗauki zafi, amma na gasket fari ne mai kauri, da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma ba ya dainawa.

In duk waɗannan sun fito lafiya, goge murfin da bakin ramin tas, ba tare da ka tura dattin ciki ba. Sannan ka hau babban titi ka yi tafiyar minti 30 zuwa 40 ba tsayawa. Barin mota a kunne a tsaye ba ya wadatarwa, domin man ba ya yin zafin da ake so, ruwan ma ƙaruwa yake yi. Ka riƙa irin wannan tafiya ko sau ɗaya a mako har sanyi ya wuce.

A kan hanyar ka sa ido kan allurar zafi. In ta ƙi hawa tsakiya, ko ta sauko in ka ƙara gudu, wataƙila tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai inji ya ɗumama, ta maƙale a buɗe, ko wani ya cire ta. Cire ta kuskure ne, a mayar da sabuwa. A duba bawul ɗin PCV da tiyonsa ma, shi ne ke zuƙe tururi daga ɗakin mai. Kirim ɗin kan toshe shi, a tsananin sanyi har ya daskare, iska ta taru ta tura mai ya ɓalle ta sil, wato robobin da ke hana mai yoyo. Daga nan sai a yi juye, a canza filta, kuma wanda ke yin gajerun tafiye-tafiye ya bi tazarar da littafin motarsa ya ware wa aiki mai tsanani.

Amma in ruwan lagireto yana raguwa, ko zafi yana haurawa, ko kirim ɗin ya dawo da yawa bayan doguwar tafiya, ka daina tuƙa ta. Ruwan lagireto in ya shiga mai yana cinye biyarin, wato ƙarafan da sassan inji masu juyawa ke gudu a kansu. Ka ce wa bakanike ya gwada matsin lagireto, ya kuma yi gwajin shuɗin ruwan nan da ke komawa rawaya in hayaƙi na shiga lagireto. Ya duba na'urar sanyaya mai ma, in motar tana da ita, kafin ya ɗora sifana a kan inji.