Kafin ka sayar da tsohuwar laftof ɗinka, gwada waɗannan tukuna

Yawancin laftof ɗin da ake cewa ta tsufa, tana nauyi, ta gaji, wallahi ba mutuwa ta yi ba, abu biyu ne ke damunta: ƙura da tsohon had disk, wato ma'ajiyar fayilolinta. Irin su HP EliteBook 8470p ko Dell Latitude E6430 ko Lenovo ThinkPad T430, duk ƴan 2012 ne, sun cika hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu, kuma an ƙera su ne yadda mutum zai iya buɗewa ya canja kayan ciki da sukurudireba ɗaya, ba kamar na yanzu ba da ake liƙe komai a jikin madabod, babban allon da kayan ciki ke haɗuwa a kansa. Abin da ke ba ni takaici shi ne ka ga yaro ya sayar da irin wannan a wulaƙance don ya ciyo bashi ya sayi wata mai sheƙi da ba ta kai ta ƙwari ba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, cire batir, sannan ka danne madannin kunnawa na ɗan lokaci don wutar da ta rage a ciki ta fita. Taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu a ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara wutar nan mai tsartar mutum in ya taɓa ƙofa, ita kaɗai tana iya kashe RAM, wato ƴar ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Kuma don Allah ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, notikan nan ba tsayinsu ɗaya ba, in ka ɗaura dogo a gurbin gajere zai iya huda wani abu.

To ka kai ga fanka. Mutane da yawa suna hura iska ta waje su ce sun share, alhali dattin ba nan yake ba, yana tsakanin fankar da siraran ƙarafunan da iska ke bi ta fita. In ka ɗaga fankar za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta zama kamar ɗan bargo, toka-toka, har da gashi da zaren katifa, ka kama gefe ɗaya ka jawo ta fito gaba ɗayanta. Wannan abin shi ke sa laftof ta yi ta ihu, cinyarka na ƙuna, sai kuma ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki, domin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, in zafi ya yi mata yawa rage gudu take da kanta don kar ta ƙone, in abin ya wuce nan ta kashe kanta. Share da tsohon burushin haƙori busasshe. In za ka sa bulowa, riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa da ƙarfin iska, tana lalacewa. Mu da muke fama da ƙurar hunturu, ni dai shawarata a yi wannan sharar duk shekara da zarar hazo ya wuce.

Tunda ka riga ka buɗe, canja man nan da ke tsakanin firosesa da jan ƙarfen da ke kwashe zafi, wanda masu gyara ke kira fes. Bayan shekaru yana bushewa ya farfashe. Goge tsohon tas da ɗan ƙyalle mai tsabta da sifirit irin na goge kayan lantarki, ka bari ya bushe, ka ɗiga sabo ɗigo ɗaya ƙarami a tsakiya, kar ka lafta. Notikan da ke riƙe jan ƙarfen suna da lamba 1, 2, 3, 4 a gefensu, bi lambar kana ɗaurewa kaɗan-kaɗan. Kuma kar wani ya ce maka man goge baki yana yi, ba ya yi.

Yanzu kuma maganar kuɗi. In kuɗin abu ɗaya kawai gare ka, sayi SSD, sabuwar irin ma'ajiya da ke maye gurbin had disk, ba RAM ba. Na san a kasuwa abin da za a fara ce maka shi ne a ƙara RAM, amma tsohon had disk faifai ne ke juyawa a ciki, yawanci zagaye 5400 a minti, allura na yawo tana neman fayil, da ƙyar yake karanta MB 100 da ɗoriya a daƙiƙa, shi kuwa SSD na SATA yana kai wajen MB 500 kuma ba abin da ke motsi a cikinsa, ko laftof ɗin ta sha jijjiga a bayan acaɓa ba ruwansa. Kwamfutar da kake kunnawa ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama buɗewa ba, za ka ga ta tashi cikin daƙiƙu. Wanda za ka nema shi ne mai inci 2.5 na SATA, shi ke shiga gurbin tsohon daidai. Kar a ba ka siririn nan M.2 sai in ka tabbata taka tana da gurbinsa, waɗannan ƴan 2012 ɗin ba su da shi. GB 256 ya isa aikin makaranta da ofis, in da hali 512.

A nan ake cutar mutane, shi ya sa zan ɗan tsaya. Ko a Farm Centre ta Kano ka je ko Banex a Abuja ko Computer Village ta Ikeja, akwai masu gaskiya akwai kuma kayan jabu da tsofaffin da aka sake wa kwali. Tafi da laftof ɗinka, a saka a gabanka, ka buɗe wata manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, za ta nuna maka lafiyar SSD ɗin da awa nawa ya yi yana aiki. In an ce sabo ne ka ga dubban awanni, malam ka karɓi kuɗinka.

Sai a zuba Windows sabuwa ta filash, akwai wata manhaja mai suna Rufus da ke haɗa filash ɗin. Kwashe hotunanka da takardunka tukuna! Tsohon had disk ɗin kuma kar ka yar, saya masa ɗan akwatin USB ya zama ma'ajiya, ko ka zare wurin saka faifan DVD wanda dama ba ka amfani da shi ka sa shi a nan cikin wani ɗan gida da ake sayarwa don haka, sai dai auna kauri, akwai mai milimita 9.5 akwai mai 12.7.

RAM ita ce ta biyu. In GB 4 gare ka kai ta 8, za ka ji bambanci in kana buɗe shafuka da yawa a Chrome. Amma kar ka je kasuwa da ka, ciro ta cikin laftof ɗin ka karanta ƴar takardar da ke manne a jikinta. In ka ga PC3 to DDR3 ce mai volt 1.5, in PC3L ce to DDR3L ce mai 1.35, in PC4 DDR4 ce, wannan ma ba za ta shiga ramin DDR3 ba don tsagar ba wuri ɗaya take ba. Inda ake faɗawa shi ne tsakanin PC3 da PC3L, kamarsu ɗaya sak, suna shiga rami ɗaya, amma da yawa daga cikin masu firosesa Intel zubi na 4, irin EliteBook 840 G1, PC3L kawai suke karɓa, ka sa ɗayar sikirin ya tsaya baƙi ƙirin ka ɗauka ka kashe kwamfuta. Sakawa ba wuya: buɗa ƴan ƙarafunan gefe biyu za ta ɗago da kanta, zare, tura sabuwar a karkace har zinaren bakinta ya shige, danna ƙasa ka ji ƙas. A T430 rami ɗaya na ƙasa, ɗayan yana ƙarƙashin kibod, kuma iyakarta GB 16. Duba ma ko Windows ɗinka 64-bit ce, don 32-bit ba ta cin moriyar abin da ya wuce GB 4.

Batir kuwa, buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoton ƙarfin da aka ƙera shi da shi da wanda ya rage yanzu. In ya kumbura har yana ɗaga kibod ko murfi, cire shi yau ɗin nan, kar ka huda, kar ka ajiye a rana, wuta yake kamawa. In kuma kullum agogon kwamfutar na komawa wata tsohuwar shekara, ɗan batirin madabod ne ya mutu, yawanci CR2032, ba tsada. Caja ma a kula, volt ɗin da ke rubuce a ƙasan laftof shi za ka nema, ThinkPad 20 take sha, Dell 19.5, kuma in NEPA ta kawo wuta ko an tada janareto ɗan jira ta daidaita kafin ka jona. Cajar jabu mara nauyi a hannu ta kashe madabod da yawa.

Saura maganar Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da Intel zubi na 8 zuwa sama, kenan waɗannan tsofaffin ba sa ciki. In aikinka bai wuce intanet da rubutu da kallon darasi ba, sa Linux Mint, wata babbar manhaja da ke zama madadin Windows, a filash ka gwada ta ba tare da ka goge komai ba, kyauta ce kuma ba ta da nauyi, ka duba ko Wi-Fi da sauti da firintarka suna aiki, in sun yi sai ka zuba ta a kan SSD ɗin.