Yadda ake gane ciwon dajin fata mai saurin ci, da hanyar neman magani daga Damagaram

Yawancin ciwon dajin fata a hankali yake girma, kuma ana warkewa idan an cire shi da wuri. Amma akwai wasu nau'o'insa da ba a cika samu ba, masu cin tsoka har su kai ƙashi, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali game da su shi ne suna zuwa da kamannin ciwon da muka saba gani.

A fara da duba tsohon tabo, musamman tabon ƙuna. Yaron da ya faɗa murhu da hunturu yana iya girma lafiya, sai bayan shekara 20 ko 30 tabon ya buɗe ya zama gyambo mai wari, bakinsa ya kumbura ya juyo waje, yana zubar da jini da an taɓa shi. Likitoci suna kiran wannan gyambon Marjolin, da sunan likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1828, kuma ya fi sauran irinsa saurin bazuwa. Idan kaluluwa mai tauri ta fito a matsematsi ko a hammata, to lokaci ya soma ƙurewa.

Sannan a duba tafin ƙafa da ƙarƙashin farce, domin a nan ne melanoma, wani nau'in ciwon dajin fata mai haɗari, ta fi kama baƙar fata. Baƙin tabo ne da yake faɗaɗa, wanda manomi zai ɗauka sukar ƙaya ce. Zabiya kuwa, wanda zafin ranarmu yake ƙona wa fata tun yana yaro, a riƙa duba masa leɓe da kunne da wuya, a kuma saba masa da malafa da riga mai dogon hannu.

Duk raunin da ya wuce wata ɗaya bai warke ba, kada a kai shi wurin wanzami a yi tsaga ko ƙaho, kada kuma a barbaɗa masa garin kafso. A je Babban Asibitin Ƙasa na Zinder, wato Damagaram, a nemi a yanki ɗan naman wurin a gwada, saboda gwajin ne kaɗai yake bayyana irin ciwon.

Tiyata ce babban magani. Ana cire ciwon tare da lafiyayyar fatar da ke kewaye da shi, a ɗebo fata daga cinya a rufe wurin, a cire kaluluwar idan ta kamu. Idan ciwon ya shiga ƙashin ƙafa, likita na iya ba da shawarar yankewa, kuma ina roƙon dangi kada su gudu da majiyyaci gida a wannan gaɓa, domin ciwon ba zai tsaya inda yake ba.

Gashi da na'ura, wato ƙona ciwon da haske mai ƙarfi, sai an je Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji ta fara wannan aiki a 2021. A tafi da takardar sakamakon gwaji da ta tiyata. Wani lokaci ana haɗa gashin da maganin cisplatin ta jijiya. Akwai kuma wani magani mai suna cemiplimab, wanda Amurka ta amince da shi a 2018, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Bayan sallama, a riƙa komawa asibiti duk ranar da aka sa, ko da wurin ya bushe sarai, saboda a cikin shekara biyu na farko ne ciwon ya fi dawowa.