Yadda za ka gina gidan ƙasa mai sanyi kana zaune a filin

Wata 14 muka yi a ɗaki ɗaya, ni da matata da yara biyu, muna kallon gidanmu yana tashi taku ashirin daga ƙofarmu. Yanzu duk wanda ya zo ya dafa bangon ya ji sanyinsa, sai ya tambaye ni ta ina zai fara. Nakan ce masa ya fara tarewa a filin kafin ya haƙa harsashi, domin mai leƙowa da rana ya tafi ba zai san halin fili ba.

Da idona na ga haka. Ruwan farko da aka yi muna wurin, daidai inda na kafa turaku na ja igiyar gini ya kwanta, har kwana biyu bai janye ba. Na tsige turakun na matsa mita 12 zuwa tudu. Saboda haka ka samu littafi ka riƙa rubutawa: ta ina iska ke zuwa da yamma, ina ruwa ke bi, wace bishiya ce inuwarta ke kaiwa nesa da azahar. Bishiyar nan kada ka sare ta. Ka kewaye ta da shinge don kada tifa ta taka saiwarta.

Kafin iyali su tare, ruwa da ban ɗaki ne farko. Idan masai za ka haƙa, ya kasance aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ta ɓangaren gangare. Bayan su sai ɗan ɗakin da za ku zauna. A nan nake roƙonka kada ka yi shi da tamfol da tsohon kwano kana cewa ai na wucin gadi ne. Ka gina shi da irin tubalin da za ka gina babban gidan, da magini ɗaya, da irin rufi ɗaya. Duk kuskuren da za ku yi, gara ku yi shi a ɗaki mai mita 4 a kan 4.

Batun ƙasa shi ne zuciyar aikin. Ka kwashe ƙasar sama mai duhu ka tara ta gefe, ta lambu ce, ba ta yin gini. Ka ɗebo ta ƙarƙashinta ka zuba a kwalba mai faɗin baki har kusan rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza sosai, ka ajiye. Cikin minti ɗaya yashi zai zauna a gindi. Bayan wasu awanni taɓo mai laushi zai kwanta a kansa, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya sauka. Ina tuna yadda 'yata ta tsuguna gaban kwalbar tana sa alama da biro a kan kowane layi. Abin da kake nema shi ne yashi ya fi yawa nesa ba kusa ba, yumɓu ya tsaya tsakanin kashi 15 zuwa 30 cikin 100. Idan yumɓu ya yi yawa tubali zai tsage in ya bushe, sai ka ƙara yashi. Idan ya yi kaɗan zai marmashe a hannu.

Mu mun matse tubalinmu da injin hannu, muka haɗa ƙasar da siminti kaɗan, wajen kashi 6 cikin 100. Dalilin rage simintin ba ƙarami ba ne: masana'antarsa ita kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar carbon dioxide da ke ɗumama duniya. Tubalin da aka matse ba a shanya shi a rana nan take. A jera shi a inuwa, a lulluɓe da leda, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma a makon farko, kuma kada a hau gini da shi sai ya cika kwana 28. Wannan yayyafin shi ne aikin da leburori suka fi tsallakewa idan mai gida ba ya nan. Ni da yake a wurin nake kwana, da asuba nake yi da kaina.

Ruwa ne babban maƙiyin bangon ƙasa, ta sama da ta ƙasa. Harsashi ya zama na dutse ko kankare, ya ɗago kamar santimita 30 a kan ƙasa, a shimfiɗa abin hana danshi kafin a ɗora layin farko. Rufi kuma ya zarce bango da aƙalla santimita 60. A wurin zafi dogayen bangaye su fuskanci arewa da kudu, gajeru su tari rana ta gabas da yamma, tagogi su kalli juna don iska ta ratsa. Akwai dabarar da na ɗauka daga makarantar da mai zanen gini Francis Kéré ya gina a Gando ta Burkina Faso a 2001: kwano ya ɗago sama da silin, a bar rata a tsakani, zafi ya bi ta nan ya fice. Mutumin ya ci kyautar Pritzker a 2022, mafi girma a fagen zanen gini, kuma da ƙasa ya yi suna.

Kuskurena mafi ciwo a ɗan ɗakin nan na yi shi. Na bari aka yi wa bangon filasta da siminti zalla. Danshi ya rasa hanyar fita, bayan damina ɗaya filastar ta kumbura ta riƙa ɓantarowa falle-falle. A babban gidan da farar ƙasa da yashi muka yi yaɓen, har yau bai motsa ba.

Da zarar kwano ya hau, ka sa indararo da tanki, kada ka jira a gama. Lissafin mai sauƙi ne: kowace milimita ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi, lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 100 zai ba ka kusan lita 2,000 daga ruwan milimita 20. Ruwan farko mai wanko ƙura a kauda shi gefe. Da na tankin muka ƙarasa yaɓe da daɓe. Sola ma tun a ɗan ɗakin muka fara ta da faifai biyu, daga baya muka ƙara.

Zama da yara a wurin gini kuwa ba wasa ba ne, kuma a nan ba na sassauci. Ka ja shinge na gaske tsakanin wurin zama da wurin aiki. Kowane rami da kowane duro mai ruwa a rufe shi kafin magariba. Farar ƙasa da jiƙaƙƙen siminti suna ƙona fata da ido, su zauna a ɗakin da ake kullewa. Janareta kada ya kwana kusa da taga, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari. Kowace yamma ina zagayawa da maganaɗisu a ɗaure da igiya ina tsince ƙusoshi, tun ranar da na ciro ɗaya daga tafin takalmin ɗana.

Ɗaki biyu kawai aka gama muka koma ciki, sauran muka ƙarasa a hankali. Ɗan ɗakin da muka fara zama a ciki mun kankare masa simintin, mun sake yaɓe shi da farar ƙasa, yanzu nan batiran sola da kayan lambu suke.