Idan Qt ya ƙi ajiye hoto, ga inda za ku fara dubawa

Salam 'yan uwa. Ga masu rubuta manhaja da Qt (kayan gina manhajoji na C++), matsalar QImage::save(), wato umarnin ajiye hoto, ita ce idan ya kasa, false kawai yake dawo da shi, ba ya faɗin dalili. Don haka ku koma kan QImageWriter: ku kira write(), in ya ƙi, ku buga errorString() ku karanta abin da ya ce. Kafin nan ma ku duba isNull() na hoton, don wani lokaci hoton ne babu komai a cikinsa.

Wadda ta fi wahalar da mutane ita ce ta JPG. A kwamfutarka komai lafiya lau, ka kai manhajar zuwa wata kwamfutar Windows, PNG na fita amma JPG shiru. Dalili kuwa, JPG yana dogara ne da wani fayil na daban, qjpeg.dll, wanda dole ya zauna cikin foldar imageformats kusa da manhajar. Kada ku kwafa da hannu, windeployqt, kayan aikin Qt mai kwafo fayilolin da manhaja ke buƙata, ya fi ku sanin abin da ake buƙata. In kuna shakka, supportedImageFormats() na QImageWriter zai jero nau'o'in da Qt ke gani a lokacin, kuma sanya QT_DEBUG_PLUGINS=1 a matsayin environment variable kafin kunna manhajar zai nuna fayil ɗin da ya ƙi loduwa.

Sauran ƙanana ne. Qt ba ya ƙirƙirar folda da kansa, sai kun kira mkpath() na QDir. Sunan fayil mara ƙarshe irin .png ko .jpg ma yana hana ajiya, sai dai in kun faɗi nau'in. Cikin Program Files kuwa Windows ba ya barin rubutu haka kawai, ku nemi wuri ta QStandardPaths, wanda ke nuna foldodin da aka tanada don ajiya.