Yadda ake karanta hoton sama irin na masu leƙen asirin yaƙi

A Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya kan kwance bindigogin jirgin Spitfire ta ɗora masa kyamara da ƙarin mai, ya je ya ɗauko hotunan Jamus. Amma babban aikin a kan tebur ake yinsa, a wani sansani a Medmenham da ke Ingila, inda maza da mata ke duƙufa kan hotunan dare da rana. Can ne a 1943 ɗaya daga cikinsu, Constance Babington Smith, ta hango wani ɗan mitsitsin jirgi a hoton Peenemunde, wurin gwajin makaman Jamus; shi ne bam mai tashi ba matuƙi da aka sani da V-1 daga baya. Hanyarsu nake koya wa ɗalibaina a Gusau da Google Earth, manhajar da ke nuna hotunan ƙasa daga sama, kuma kowa zai iya gwadawa.

Da farko ka nemi inuwa. Juya hoton har inuwar ta faɗo wajenka, in ba haka ba ido zai yaudare ka, tudu ya koma rami. Gwada da Dutsen Kwatarkwashi. Ranar da na juya wa yara shi a kife, wata yarinya ta ce, "Malam, ai wannan kududdufi ne." Da na mayar da shi daidai sai ta kama baki. Inuwa ce kuma ke gaya maka tsawon abu, domin daga sama rumbu da rijiya duk da'ira ce.

Sai awo. Nemi abin da ka san girmansa, kamar filin ƙwallo mai kusan mita 100, ka auna sauran da shi.

Na uku shi ne wanda na fi so a daɗe a kai: kwatanta hoto biyu na wuri ɗaya, na lokuta daban. A Google Earth na kwamfuta akwai inda ake komawa tsofaffin hotuna. Buɗe Dam ɗin Bakolori, ka duba bakin ruwa bayan damina, ka sake dubawa a tsakiyar rani. Rubuta abin da ya ƙaru da abin da ya ɓace, kada ka yi gaggawar sanya masa suna. Irin wannan duba na tsanaki ne ya sa Amurka ta gane sansanonin makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyat a Kiyuba, daga hotunan da jirginta na leƙen asiri U-2 ya ɗauka ranar 14 ga Oktoba, 1962.

Daga nan ka bi sawu. Sojoji na iya lulluɓe igwa da raga da ganye, amma hanyar da motoci da ƙafafu suka tattake zuwa wurin ba ta ɓoyuwa. A hoton ƙauyenku ma, inda turbobi suka haɗu fari fat, galibi rijiya ce ko mashaya.

In ka gama, ɗauki abin da ka rubuta ka taka da ƙafarka zuwa wani wuri kusa da gida da ke cikin hoton, ka gani ko abin da ka kira rumbu rumbun ne.