Yadda Ake Gyara Simintin Ciko da Ya Tsage a Gefen Bahon Wanka

Tsagar da ke bayyana a inda bahon wanka ya haɗu da tayil ɗin bango, yawanci motsin bahon ne ke jawo ta. Nauyin lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ne, saboda haka bahon da aka zuba wa lita 150, sannan babban mutum ya shiga ciki, yana ɗauke da abin da ya haura kilo 200. Yakan ɗan nutsa ƙasa, in an zubar da ruwan kuma ya koma yadda yake. Ruwan zafi ma yana sa shi ɗan buɗewa, musamman idan na roba ne, alhali bango yana nan daram. Siminti ba ya tanƙwaruwa, don haka duk wanda ya sake cike wannan layi da shi, ya sa ran tsagar za ta dawo. Silikon, wani irin danƙo mai tanƙwaruwa da ke hana ruwa shiga, shi ne ya dace da mahaɗar baho da bango, da kuma kusurwar da bango biyu suka haɗu, simintin ciko kuwa wurinsa tsakanin tayil da tayil.

Kafin a taɓa komai, a ƙwanƙwasa tayil ɗin da ke kusa da tsagar da ƙotar sukundireba. Wanda ya kama bango da kyau ƙararsa a cike take, wanda ya saki kuwa sai a ji kamar babu komai a bayansa. Idan tayil yana motsi in an danna shi, ko bangon da ke baya ya yi laushi, to ruwa ya daɗe yana shiga, kuma sabon ciko zai rufe ɓarnar ne kawai tana ci gaba a ɓoye. A irin wannan hali sai an ɓamɓare tayil ɗin, an bar bangon ya bushe, an gyara shi, kafin a koma maganar ciko.

Cire tsohon simintin shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne aka fi yi wa ha'inci. A fara shimfiɗa tsohon bargo ko kwali a cikin bahon, a liƙa salatif na takarda a bakinsa, domin ɓarɓashin siminti yana karce fatar baho, karcen kuma ba ya gyaruwa da sauƙi. A sa takunkumi da tabarau, saboda ƙurar tana ɗauke da sinadarin silika mai cutar da huhu. Akwai ɗan ƙaramin zarto da aka yi musamman don wannan aiki. Da shi za a riƙa bin tsakiyar layin a hankali, ba tare da an jingina shi da gefen tayil ba, don kada gefen ya ɓalgace. Tsakanin tayil da tayil, a kankare aƙalla kashi biyu cikin uku na zurfin layin, domin sabon siminti da aka shafa sama-sama a kan tsoho ba ya kamawa, ɓarewa yake yi. A mahaɗar baho da bango kuwa a cire komai ƙarƙaf, har da guntayen tsohon silikon idan akwai, a yi amfani da makankarar roba a ɓangaren bahon.

Daga nan a share ƙurar da buroshi. Inda aka ga baƙin fumfuna a wanke da bilic da aka sirka da ruwa, a buɗe taga, kuma kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan tsami na wanke tayil ko da amoniya, domin haɗin yana fitar da iska mai guba. A ɗauraye, a bar wurin ya kwana ya bushe.

Simintin ciko iri biyu ne aka fi samu. Mai yashi na layin da faɗinsa ya kai milimita 3 ko ya wuce ne, marar yashi kuma na layin da bai kai haka ba. A kwaɓa kaɗan da gwargwadon ruwan da aka rubuta a jikin buhun, ya yi kauri yadda zai tsaya a kan cokali bai zuba ba. Yawan ruwa yana sa aikin ya yi daɗin shafawa, amma shi ne babban dalilin da ke sa ciko ya yi rauni ya farfashe bayan ya bushe. A bar kwaɓin ya huta na minti 5 zuwa 10, a sake juya shi ba tare da ƙara ruwa ba, sannan a danna shi cikin layukan da faifan roba, ana jan faifan a karkace don kada ya ƙwaƙulo abin da aka cusa. Layin da ke bakin baho a bar shi fayau. Bayan minti 15 zuwa 30 a goge tayil da soso wanda aka matse sosai, idan farin hazo ya fito daga baya a share shi da busasshen ƙyalle. A ba simintin awa 24 zuwa 72 ya bushe, gwargwadon umarnin kamfanin da ya yi shi.

Sai aikin silikon. A zaɓi tsantsar silikon na banɗaki mai maganin fumfuna. Irin wanda ke warin ruwan tsami bai dace da tayil na marmara ba, don yana iya ɓata dutsen, sai a nemi wanda ba ya wannan wari. A goge layin da sifirit ya bushe, a liƙa salatif sama da ƙasa, a bar tazarar kamar milimita 5 zuwa 6. Sannan a cika bahon da ruwa. Hikimar ita ce, nauyin ruwan zai buɗe mahaɗar iyakar buɗewarta, silikon ya bushe a haka, ta yadda in an zubar da ruwan matse shi za a yi, maimakon a riƙa jan sa har ya yage duk lokacin da aka yi wanka. A yanke bakin kwalbar silikon ɗin a karkace, a ja layi ɗaya ba tsayawa daga kusurwa zuwa kusurwa, a lallaɓe shi sau ɗaya da yatsa cikin safar hannu, a cire salatif nan take tun silikon bai fara yin fata ba. Yawan komawa ana shafawa shi ke ɓata layin.

Ruwan ya zauna a bahon awa 24, kuma kada a bari ya fantsama kan layin a wannan tsakani. Idan bayan an yi duk wannan silikon ya sake rabuwa da bango cikin 'yan watanni, ko ana jin bahon yana lotsawa in an taka cikinsa, to ƙafafunsa ko abin da aka tokare shi da shi ne suka saki, sai a kira mai aikin famfo ya buɗe gefensa ya daidaita zamansa kafin a sake zuba wani silikon.