Yadda na gyara fayil ɗin bincike da na riga na wallafa a Zenodo

Wata huɗu bayan na ɗora bayanan bincikena a Zenodo, rumbun intanet na ajiye bayanan bincike da cibiyar binciken kimiyya ta CERN ke kula da shi tun 2013, wata abokiyar aiki ta lura cewa a wani ginshiƙi, wato jerin alƙaluma daga sama zuwa ƙasa a jadawalin bayanan, na rubuta giram a maimakon kilogiram. Hankalina ya tashi, don har wani ya ambaci lambar DOI ɗin, wato lambar dindindin da ake gane fayil ɗin da ita a intanet, a maƙalarsa.

Na so in cire fayil ɗin in sa gyararre, sai na tarar a kulle yake. Da na natsu na ga dalilin: duk wanda ya kafa hujja da wannan lambar, dole ya samu ainihin abin da ya gani.

Sai na buɗe sabon zubi daga shafin, na ɗora gyararren fayil ɗin jadawalin (CSV), na haɗa da ɗan fayil mai bayyana kowane ginshiƙi da ma'auninsa, abin da ya kamata in yi tun farko. Sabon zubin ya samu tasa DOI. Akwai kuma lamba ta gama-gari mai kai mutum ga zubi na ƙarshe, ita nake bayarwa yanzu.

Bayanin tsohon shafin yana gyaruwa, don haka na rubuta gargaɗi a samansa, na kuma aika wa mai maƙalar saƙo.